Ƙarfe a ƙwaƙwalwa, ƙarfe a cokali: lamarin wani mai walda a Jos da ke fama da cutar Parkinson

Mara lafiyar dattijo ne da ya haura shekara sittin, mai walda, mazaunin Gangare a cikin Jos. Sama da shekara talatin ya yi yana haɗa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, har yaran da ya koya wa suka buɗe nasu wuraren. Iyalinsa sun yarda a rubuta lamarinsa bisa sharaɗin kada a ambaci suna, don haka Baba zan riƙa ce masa, kamar yadda kowa ke ce masa a gidan. Ni mai harhaɗa magunguna ne, a wajenmu suke sayen maganinsa, ta wannan ƙofar na shigo cikin zancen.

Da hannun dama abin ya faro. In yana zaune ana hira, babban yatsa da manuniya sai su riƙa murza juna, har wani baƙo ya taɓa zaton carbi yake ja, amma da zarar ya ɗauki guduma rawar sai ta tsaya. Yaran shago ne suka fara lura layin waldarsa ba ya fita sumul kamar da. Tafiya ta yi nauyi, hannun dama ya daina lilo, fuska ta daskare har uwargida ta riƙa tambayarsa ko wani ne ya ɓata masa rai. A gida an ce sanyin Jos ne, an ce hawan jini, an ce iska, an sha rubutu an yi hayaƙi. Daga baya likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya duba shi ya ce cutar Parkinson ce, wadda wasu ke kira makyarkyata, ya ɗora shi a kan ƙwayar lebodofa, babban maganin cutar, haɗe da mai taimaka mata kabidofa, sau uku a rana.

Da yake mai walda ne, sai da likitan ya tsaya a kan wata tambaya kafin ya yanke hukunci. Hayaƙin sandar walda na ɗauke da sinadarin manganis, kuma wanda ya daɗe yana shaƙarsa a rufaffen wuri na iya kamuwa da wata cuta mai kama da Parkinson. Sai dai ita takan kama gefe biyu na jiki a tare, rawar hannu a zaune ba ta cika yawa a cikinta ba, kuma ba ta jin lebodofa sosai. Baba kuwa a bakin titi yake aiki iska na kaɗawa, ciwon ta gefe guda ya fara, kuma da ya fara shan magani cikin 'yan makonni jikinsa ya saku. Wannan ya ishi likita hujja. A gida dai magana ta riga ta zauna, cewa ƙarfen da ya ƙare rayuwarsa a ciki ne ya shige masa kai. Wannan fahimtar ce ta share fage ga abin da ya biyo baya.

Kusan shekara biyu lamura na tafiya daidai gwargwado. Ya daina riƙe sandar walda amma yana zuwa shago yana duba aikin yara, yana taka ƙafarsa zuwa masallaci har da asuba. Sai a wani hunturu, cikin abin da bai wuce wata biyu ba, ya koma baya ƙwarai. Ƙwayar safe da a da take sakinsa cikin rabin sa'a, yanzu sai rana ta ɗaga yana nan a sandare, wata ranar ma kamar bai sha ba. Tashi daga sujada ya gagara, ya koma salla a kujera. Ga haki in ya ɗan taka, ga jiri in ya miƙe. Iyali suka ce cuta ce ta ci gaba, suka fara shirin haƙuri. Amma Parkinson ba ta saba gudu haka ba, a hankali take tafiya cikin shekaru. Duk lokacin da mai ita ya faɗi warwas cikin makonni, wani abu ne ya shigo: ciwon fitsari ko na ƙirji, bushewar ciki, jabun magani, ko wani sabon magani da ke karo da nasa.

Babban ɗansa ma'aikaci ne a Abuja, mai karatu, kuma ba ya wasa da lamarin mahaifinsa. Wata Asabar ya zo da wayarsa a buɗe ya ce, "Malam, akwai maganin da nake so ka nemo mana, ko daga Legas ko daga Indiya, kuɗi ba matsala ba ne. Sunansa deferifiron. Na karanta cewa sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke samu daga abinci, shi ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana kashe ƙwayoyin jijiya, wannan kuma yana kwashe shi." 'Yar ƙanwarsa mai sikila ce da aka sha ƙara wa jini, tana shan maganin rage ƙarfe, a nan ya san irin waɗannan magungunan na nan. Tun kafin ya zo wajena ma ya riga ya ba da umarni ta waya: a daina ba Baba nama da hanta, a rage zogale da alayyafo. Na ce masa ba magani ne da ake bayarwa ba tare da takardar likita ba, kuma ko da takarda sai mun zauna, domin abin da ya karanta gaskiya ne, amma rabin labarin ya samu.

Rabin da ya samu

A 2012 Scott Dixon da Brent Stockwell da abokan aikinsu a Jami'ar Columbia ta Amurka suka bayyana wata hanyar mutuwar ƙwayar halitta da ta bambanta da waɗanda aka sani, suka sa mata suna ferotosis. Maganin ciwon daji suke nema tun farko. Sun ga wani sinadari mai suna erastin yana kashe wasu ƙwayoyin daji, amma in aka zuba abin da ke damƙe ƙarfe sai mutuwar ta tsaya cak. A cikin aikin nan dai suka gwada wani sinadarin kariya, ferostatin-1, a kan yankan ƙwaƙwalwar ɓera, ya kuma kare ƙwayoyin jijiya. Daga nan masu binciken ƙwaƙwalwa suka ɗago kai.

Yadda abin ke faruwa bai da wuyar ganewa. Kowace ƙwayar halitta a lulluɓe take da siririn tantani na maiƙo, wani kaso na maiƙon kuma irin wanda iskar oksijin ke saurin ɓatawa ne. Ƙarfen jiki akasarinsa a ɗaure yake. Baligi na ɗauke da giram 3 zuwa 4, kusan kashi biyu cikin uku na cikin jajayen ƙwayoyin jini, sauran mafi yawa na ajiye a cikin wani furotin mai suna feritin. Ɗan abin da ke yawo a sake shi ne abin tsoro. In ya haɗu da ragowar oksijin da ƙwayar ke fitarwa a aikinta na yau da kullum, sai ya haifar da wasu burbushi masu tsananin ɓarna, abin da masanin kimiyya Fenton ya bayyana tun 1894 a Ingila. Burbushin ya taɓa maiƙo ɗaya ya ɓata shi, ɓataccen ya ɓata na kusa da shi, haka har tantanin ya huje ƙwayar ta mutu. Wanda ya taɓa buɗe tsohon galan na man gyaɗa ya ji wari da ɗanɗano sun sauya, ya ga irin wannan ɓacin da hancinsa.

Jiki bai zauna haka kawai ba. Yana da wani inzayim, wato furotin mai gudanar da wani aiki a cikin ƙwayar halitta, mai suna GPX4 da aikinsa shi ne bin tantanin yana gyara maiƙon da ya fara ɓaci kafin ɓarnar ta bazu. Shi GPX4 da seleniyam aka gina shi, kuma ba ya aiki sai da wani sinadari, gulutatayon. Bitamin E na kwance a cikin tantanin yana tare ɓarnar, a 2019 kuma aka gano layin tsaro na biyu, FSP1, mai aiki da sinadarin CoQ10. In gulutatayon ya ƙare ko GPX4 ya gaza, ga kuma sakakken ƙarfe, ferotosis ke nan. An cire wa ɓeraye GPX4 daga ƙwayoyin jijiya, ƙwayoyin suka mutu, ɓerayen suka shanye.

Ƙwaƙwalwa ta fi kowace gaɓa zama a bakin wannan haɗarin. Nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 ne na jiki amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin, maiƙo ya yi mata yawa, ƙwayar jijiyar da ta mutu ba a cika mayar da ita ba, kuma ƙarfe na ƙaruwa a wasu sassanta yayin da mutum ke manyanta. A Parkinson, wurin da ke lalacewa wani ɗan baƙin yanki ne can ƙasan tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda ƙwayoyin da ke ƙera dofamin suke, sinadarin da ke sa motsi ya tafi sumul, wanda lebodofa ke cike giɓinsa. Baƙin nasa ma daga wani launi ne da ke riƙe ƙarfe. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike a Landan, cikinsu har da David Dexter da Peter Jenner, suka auna wannan yankin a ƙwaƙwalen waɗanda suka rasu da cutar, suka tarar ƙarfe ya ƙaru, alamun ɓacin maiƙo sun ƙaru. Wasu binciken suka nuna gulutatayon ya ragu a wurin. Alamomin ferotosis ke nan guda uku a jere, fiye da shekara ashirin kafin a raɗa mata suna. Duk wanda ya karanta wannan zai ce a kwashe ƙarfen mana, kuma manyan likitoci ma haka suka ce.

Rabin da bai samu ba

Deferifiron ne aka zaɓa saboda ƙanƙantarsa, yana iya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, abin da sauran magungunan rage ƙarfe ba su iya sosai ba. Ƙungiyar David Devos a birnin Lille na Faransa ta fara gwada shi a kan mutum 40, aka fitar da sakamako a 2014: hoton ƙwaƙwalwa na MRI ya nuna ƙarfe ya ragu a baƙin yankin, masu shan maganin kuma sun ɗan fi samun sauƙin motsi. Wannan labarin ne ya cika intanet, shi ne kuma ɗan Baba ya ci karo da shi.

Sai aka yi babban gwaji a ƙasashen Turai da dama, FAIRPARK-II, aka buga sakamakonsa a ƙarshen 2022. Mutum 372 ne, duka sababbin kamu da ba su fara lebodofa ba. Rabi suka sha deferifiron, miligiram 15 a kan kowane kilo na nauyin jiki sau biyu a rana, rabi suka sha ƙwayar da ba magani a cikinta, tsawon mako 36. Ƙarfen ya ragu, maganin ya yi aikin da aka aike shi. Marasa lafiyar kuwa lalacewa suka ƙara yi. A ma'aunin tsananin cutar, inda ƙarin maki ke nufin taɓarɓarewa, masu shan deferifiron sun hau da maki 15.6, masu ƙwayar banza da 6.3. Kashi 22 cikin 100 na masu deferifiron sai da aka fara ba su maganin dofamin kafin gwajin ya ƙare saboda jiki ya ƙi, a ɗaya ɓangaren kashi 2.7 ne kacal. Cikin masu shan deferifiron, mutum biyu fararen ƙwayoyin jininsu masu yaƙi da cuta suka kusa ƙarewa gaba ɗaya, uku kuma nasu suka ragu.

Ba a Parkinson kaɗai aka ga haka ba. A Ostareliya an gwada maganin a kan mutum 81 masu cutar mantuwa ta Alzheimer tsawon shekara guda, sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna ƙarfe ya ragu a ƙwaƙwalwa, tunani kuma ya fi saurin dusashewa a wajen masu shan sa. Akwai ma wata cutar gado da ba a cika gani ba, PKAN, mai kama yara, wadda sai uwa da uba duka sun ba da gurɓataccen iri take fitowa. A cikinta taruwar ƙarfe ba abin musu ba ce, a fili take a hoto. Can ma gwajin da aka buga a 2019 ya nuna ƙarfe ya sauka sosai cikin wata 18, amma bambancin da aka gani a murɗewar jiki bai kai matsayin da za a kafa hujja da shi ba.

Me ya sa? Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne ƙwayar da ke ƙera dofamin ita kanta mabuƙaciyar ƙarfe ce. Inzayim ɗin da ke matakin farko na ƙera dofamin ba ya aiki sai da ƙarfe, haka ma mitokondiriya, inda ƙwayar ke samar da kuzarinta. Mutumin da ƙwayoyinsa suka riga suka ragu, 'yan da suka saura na fafutukar ƙera abin da zai ishe shi, ka zo ka janye musu kayan aiki, dole jiki ya nuna. Likitoci sun daɗe da sanin wani abu makamancin wannan: ciwon nan da ke hana ƙafa zama da dare, mutum ya yi ta motsa ta ya kasa barci, yana da alaƙa da ƙarancin ƙarfe, ana kuma maganinsa da ƙarin ƙarfe ko da magungunan dofamin. Wasu masana na ganin ƙarfen da MRI ke nunawa a kulle yake a ma'ajiya, ƙwayar na zaune cikin yalwarsa amma ba ta samun na amfani. Wannan hasashe ne, ana kan gwada shi. Ni dai abin da na ɗauka daga gwaje-gwajen nan uku shi ne, ganin ƙarfe a inda aka yi ɓarna bai tabbatar da cewa cire shi zai gyara ba, kuma kyawun hoto ba shi ne lafiyar mai hoton ba.

Ɗan Baba bai saki nan take ba, kuma ya kawo hujjar da ta cancanci amsa. Ya ce, "To ai Malam, waɗancan ba sa shan lebodofa. Baba yana sha, kamar mutum arba'in ɗin farko." Gaskiyarsa, kuma masu binciken da kansu sun ambaci wannan bambancin. Amma mutum 40 ba su rinjayi 372 ba, masu Alzheimer kuma ba dofamin ne matsalarsu ba, duk da haka sun ƙara lalacewa. Sannan akwai abin da ya shafi nan gida. Mai shan deferifiron ana son a auna fararen ƙwayoyin jininsa duk mako, kuma zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro a jikinsa lamarin gaggawa ne, a dakatar da magani a tafi asibiti a ranar. A garin da kowane zazzaɓi sunansa maleriya da taifot, a aiki yaro kemis ya karɓo ƙwaya a jira kwana uku, wannan sharaɗin ba ƙarami ba ne. Garin neman gira ake rasa ido.

Abin da ke cikin leda

Na roƙe shi ya kawo mini duk wani magani da ke ɗakin Baba, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ya kuma zo da mahaifiyarsa, tunda ita ke bayarwa. A cikin ledar akwai lebodofa, akwai maganin hawan jini, akwai fallayen dikulofenak, maganin ciwon jiki, da yawa waɗanda aka shanye, akwai kuma babbar kwalbar maganin ƙarin jini mai ɗauke da sinadarin ƙarfe, ta kusa ƙarewa.

Na ce, "Mama, wannan na kwalbar fa, wa ya rubuta?"

Ta ce, "Ba kowa, ɗana. Gani na yi ya yi fari fat, idonsa ba jini, shi ne na aika aka karɓo. Da safe nake ba shi cokali biyu ya kora ƙwayarsa da shi, da yamma ma haka, don kada in manta."

Ɗan ya yi shiru. Shi yana Abuja yana hana nama don gudun ƙarfe, ita tana Gangare tana ɗura ƙarfe da cokali, kuma babu wanda ya san abin da ɗaya ke yi. Amma illar kwalbar ba a ƙwaƙwalwa take ba, a ciki take. Lebodofa da ƙarfe in suka haɗu a tumbi sukan manne da juna su zama wani abu da hanji ba ya iya tsotsa. An auna wannan a Kanada tun 1989: ƙwayar ƙarfe ɗaya da aka sha tare da lebodofa ta rage abin da ke shiga jini da kusan rabi. Kabidofa, wadda aikinta shi ne raka lebodofa don kada ta lalace kafin ta isa ƙwaƙwalwa, ita ma ƙarfen na kama ta. Wato Baba na haɗiye ƙwayarsa a kan lokaci, kaso mai yawa na bin bayan gida. Lokacin da aka sayo kwalbar farko da lokacin da ya fara sandarewa sun zo ɗaya.

Saura tambayar da ta fi wannan nauyi: me ya sa ya yi fari tun farko? Idon Mama bai yi ƙarya ba. Dikulofenak ɗin ne ya ba da amsa. Kafaɗar dama ta daɗe tana damunsa, abin da aka saba gani a masu Parkinson saboda ƙagewar tsoka, shi kuma ya ɗauka gajiyar guduma ce ta shekaru. Watanni ya yi yana aika yaro kemis, yana kuma shan sa da sassafe ciki ba komai. Da likita ya tambaye shi kalar bayan gidansa, ya ce baƙi ne, kuma tun kafin a sayo kwalbar ya fara baƙi. Wannan jimlar ita ce mabuɗin, domin maganin ƙarin jini ma na baƙanta bayan gida, da ya shigo sai ya rufe alamar zubar jinin.

Gwaji ya nuna jininsa ya yi ƙasa, feritin ya yi ƙasa ƙwarai. Mutumin da ake shirin saya wa maganin kwashe ƙarfe, ma'ajiyar ƙarfen jikinsa a bushe take. Da yake namijin da ya haura sittin ba ya rasa ƙarfe haka kawai, kuma ciwon daji na ciki ko na hanji na cikin abubuwan da dole a kawar, likita ya tura shi aka leƙa cikinsa da na'ura. Gyambon ciki aka gani, olsa, irin wanda dikulofenak kan jawo, mai tsiyayar jini a hankali. Haki da jiri daga nan suke.

Abin da aka yi da abin da ya biyo baya

An dakatar da dikulofenak, aka ba shi maganin olsa, kafaɗa kuma aka mayar da ita ga farasitamol da masu gashi da motsa gaɓoɓi na asibiti. Ba a hana shi ƙarfe ba, yana buƙatarsa. An ajiye kwalbar aka rubuta masa ƙwaya mai sanannen awo sau ɗaya a rana, aka raba ta da lebodofa da aƙalla sa'a biyu. Da lokutan salla muka tsara wa Mama, don su ba a manta su: lebodofa bayan asuba, kafin azahar, da kafin magariba, kowanne kamar rabin sa'a kafin abinci, ƙwayar ƙarfe kuma sai zai kwanta. Sharaɗin da ya fi ba Baba haushi shi ne kada a kora ta da shayi, domin shayi na rage shigar ƙarfe jiki, mutumin Jos kuwa a hunturu ka raba shi da shayin dare ka taɓo rigima. Ya koma shan nasa da wuri. Nama da hanta da zogale suka dawo, sai dai ba a haɗa lomar nama da ƙwayar lebodofa a lokaci guda, saboda furotin ma na gasa da ita wajen shiga jini. Da yake ƙwayar ƙarfe na busar da ciki, Parkinson ma haka, an ƙara masa ruwa da gwanda da ganye.

Tun a makon farko ƙwayar safe ta dawo tana sakinsa a kan lokaci, ba tare da an ƙara ko miligiram ɗaya ba. Haki ya fi daɗewa, sai da jini ya hau. Ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa, azahar da la'asar dai, asuba kuwa yana yi a gida. Bai koma daidai yadda yake kafin hunturun ba, bayan wasu watanni ma likita ya ƙara masa ƙwaya ta huɗu, domin cutar tana nan tana tafiyarta. Lebodofa, tun da George Cotzias ya nuna amfaninta a 1967, cike giɓin dofamin take yi, ba ta hana ƙwayoyin mutuwa.

Wannan ne ya dawo da ɗan da sabon jeri: bitamin E, CoQ10, seleniyam. Tunaninsa ya ci gaba, ya gane in ba za a cire ƙarfen ba to a ƙarfafa masu tsaron maiƙon, kuma a nan ne ni ma nake ganin binciken ya fi alamar haske. Matsalar ita ce biyun farko an riga an gwada su da gaske. Gwajin DATATOP a Amurka da Kanada, mutum 800, ya ba da bitamin E mai yawan gaske kowace rana, sakamakon 1993 ya nuna bai jinkirta cutar ba. CoQ10 an gwada shi a kan mutum 600, aka tsayar da gwajin saboda ba alamar amfani, aka buga a 2014. Seleniyam kuwa tazarar da ke tsakanin isa da guba a wajensa ƙanƙanuwa ce, in ya yi yawa gashi na zuba, farce na karyewa, jijiyoyi ma na taɓuwa, kuma wanda ba shi da ƙarancinsa ƙari ba ya ƙara masa GPX4. Ferostatin-1 da ɗan'uwansa lifiroksitatin-1 suna aiki a kwanon gwaji da jikin ɓera, amma ba magungunan mutane ba ne, na farkon ma ba ya daɗewa a jini. Masu sayar da ƙwayoyin ƙarin lafiya a Facebook da WhatsApp sun iya ɗauko sunan ferotosis su liƙa a kwalba, sai dai sunan hanya ba shaidar magani ba ne.

Akwai magunguna biyu da suka kai hannun marasa lafiya daga wannan ɓangaren na yaƙi da ɓarnar oksijin, dukansu ba na Parkinson ba. Edarabon, wanda Japan ta amince da shi a 2015, Amurka a 2017, don cutar ALS mai kashe jijiyoyin motsi, amfaninsa kaɗan ne kuma har yanzu ana muhawara a kansa. Omabeloksolon kuma Amurka ta amince da shi a 2023 don wata cutar gado mai ɓata daidaiton tafiya, wadda ake kira da sunan Friedreich, inda ƙarfe ke taruwa a mitokondiriya. Shi ba ya cire ƙarfe, kunna tsarin kariyar ƙwayar yake yi. Wani babban cikas ga duka fagen shi ne babu gwajin jini ko hoto da zai nuna kai tsaye cewa ferotosis na gudana a ƙwaƙwalwar mai rai, don haka ba a iya zaɓen waɗanda maganin zai fi dacewa da su ba. Ga kuma batun su wa ake gwadawa: manyan gwaje-gwajen nan a Turai da Amurka da Ostareliya aka yi su. Binciken da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka shiga, wanda ya fito a 2023, ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin Parkinson a 'yan asalin Afirka ta Yamma, wanda ba a cika samu a Turawa ba. Ko da wani magani ya ci nasara can, sai an duba shi a jikinmu.

Ɗan ya ajiye jerin nasa. Kuɗin da ya ware don deferifiron ya mayar da su ga sayen lebodofa ta wata uku a lokaci guda daga wuri ɗaya, saboda yankewar magani da sauya kamfani kowane wata na cikin abubuwan da suka fi wahalar da masu wannan cuta a nan. An kuma yi yarjejeniya a gidan cewa babu ƙwaya ko kwalbar da za ta shiga ɗakin Baba, daga kemis ko daga Abuja, sai an nuna wa likita ko an kawo mana. Ƙwayar ƙarfen ita ma ba ta dindindin ba ce. Likita ya ce a ci gaba da ita kamar wata uku bayan jini ya daidaita don ma'ajiya ta cika, sannan a sake auna feritin, in ya hau a dakatar.